Sunan da Inna Ba Ta Kira

Zuwa ga 'yata Nafisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa daga uwa zuwa ga autarta, tare da addu'ar Allah Ya kai ki lafiya, Ya sauke ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki, Ya haɗa ki da mutanen da za su riƙe ki kamar tasu. Abbanku yana sa miki albarka. Yayyenki kuma sun ce in gaya miki kada ki dawo musu da yaren da ba sa ji.

Na san za ki yi dariya idan kika buɗe akwati kika tarar da takarda a ƙarƙashin ƙullin yaji da kuka. Za ki ce, Umma ke nan, ga waya a hannu amma sai an yi wasiƙa kamar mutanen da. Yi dariyarki. Akwai maganar da in na fara ta a waya murya za ta ƙi ni, ke kuma ki ɗauka layin ne ba kyau. Shi ya sa na zauna da hantsin nan, kina can gidajen ƙawayenki kina sallama, na ɗauko biro.

Tun ranar da kika dawo daga sansanin bautar ƙasa kika ce an tura ki sakatariyar wata ƙaramar hukuma a wajen Lokoja, teburin da ake yi wa mutane rajista ana ba su takardun shaida, zuciyata ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ke kina ta ƙorafi wai aikin zaman kujera ne, ba abin da za ki koya. Ni kuwa na shafe shekaru a ɗaya gefen irin wannan teburin, a tsaye, jaka a hammata, ina neman mutum. Ina so in gaya miki yadda abin yake daga inda na tsaya, da wuraren da na yi ta tuntuɓe.

Kin san kina da kawu da ba ki taɓa gani ba. Kin san shi kamar yadda kika san tsohuwar rijiyar da aka rufe a bayan gidan kakarki Inna, an san tana nan amma ba a zancenta. Yayana ne, shi ne ɗan farin Inna, Namalam muke ce masa. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Abin da nake tunawa da shi kaɗan ne, kuma duk a cikin hasken yamma yake zo mini. Ina tuna kafaɗarsa, don a kanta nake zuwa bakin kogin Iku a nan Suleja kallon masu wanki. Ina tuna takalmansa sun yi ja da ƙasa lokacin da yake leburanci a sabon birnin da aka ɗauki tsohon sunan garinmu aka ba shi. Yakan dawo ƙarshen mako da burodi a leda, ya ce mini suna gina garin da ba a ɗauke wuta. Ni a zatona shi kaɗai yake ginin, sauran mutane miƙa masa bulo suke yi.

Wata safiya ya ce zai koma aiki, bai sake dawowa ba. Ba faɗa aka yi ba, ba wanda ya ɓata masa rai. Wani maƙwabcinmu ya ce ya hango shi a mahaɗar Diko yana hawa bayan babbar mota, amma bai lura da inda ta sa gaba ba. Diko kuwa kin san ta, hanya ce ta kowa, da mai zuwa Kaduna da mai zuwa Minna da mai gangarawa kudu. Bayan wasu shekaru wani falken goro ya ce ya ga mai kama da shi a bakin ruwa wajen Lokoja. Iyakar abin da muka samu ke nan. Baba ya bi tasha-tasha yana tambayar direbobi, aka yi sauka, aka yi sadaka, har ƙarfinsa ya ƙare. Inna ba ta taɓa cewa ya mutu ba, ba ta kuma taɓa cewa yana raye ba. Yanzu ga ta nan, ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara hazo, kuma ni abin da nake tsoro a duniya shi ne ta tafi ba ta ji komai ba.

Inda na fara yin kuskure shi ne jinkiri. Ina yarinya na ɗauka manya suna nema. Da na girma, Baba ya rasu, na yi aure, na fara koyarwa, kullum sai na wuce ta gaban sakatariya a hanyar makaranta, ban taɓa shiga ba. Ba ƙyuya ba ce. Gani nake yi muddin ba a je an tambayi hukuma ba, to tafiya kawai ya yi, yana hanya. Ranar da na shiga na ce ina neman ɗan'uwana, ranar na sa shi cikin ɓatattu da bakina. Haka na yi ta lallashin kaina, shekara na bin shekara, tsofaffin da suka san shi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, muna zuwa ta'aziyyarsu muna cin tuwon sadaka, ban tambaye su komai ba. Don haka, Nafisa, idan wani ya zo gabanki da maganar da ta kwana shekara talatin, kada ki ce masa, ina kuke tuntuni? Ya riga ya yi wa kansa wannan tambayar fiye da yadda za ki iya yi masa. Ki ce masa sannu da zuwa, ki nuna masa benci.

Ranar da na yi ƙundunbala na shiga, ado na ci kamar mai zuwa biki. Na ce ni malamar makaranta ce, ba wanda zai juya ni. Na tarar da wani saurayi ɗan kudu a bayan tebur, irin waɗanda aka haifa a nan, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Na yi masa bayani, ya saurara da kyau, ya ɗauki biro.

"Sunansa fa, Madam?"

"Namalam."

Ya ɗaga biron daga kan takarda. "Namalam wa? Ai wannan sunan gida ne. Sunan yanka nake so."

Nafisa, ina da aure, ina da 'ya'ya, ina koya wa yaran mutane rubuta sunayensu a kan allo, ashe ban san sunan yankan ɗan'uwana ciki ɗaya ba. Ke 'yar zamani ce, bari in warware miki. Sunan malamin Baba aka sa masa, wanda ya koya wa Baba karatu tun yana yaro. Baba ba zai kira sunan malaminsa ba. Inna kuwa kunya biyu ce a kanta, ga ta ɗan fari, ga ta malamin miji. Yayan bai yi boko ba balle a kira suna a aji, a zauren malamin ya yi karatun allo, inda ba yaron da ya isa ya furta wannan sunan. Shi kansa malamin, duk unguwa Malam kawai ake ce masa har ya bar duniya. Haka sunan ya zauna a gidanmu a rufe, kowa na kewaye shi, ni kuma na taso ban ma san akwai abin da ake kewayewa ba.

Maimakon in ce ban sani ba, sai kunya ta juye mini ta zama faɗa. Na ce masa su dai ma'aikatan gwamnati ba sa son aiki, da ɗan wani babba ne ya ɓata da tuni sun zazzage ofishin. Yaron nan bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Madam, no veks, ki yi haƙuri. Ba ni na kafa dokar ba. Fayil ba ya amsa sunan gida." Na fito fuu kamar zan tashi sama, na samu gindin dogon yaro a harabar na zauna, ina kuka ina jin haushin kukan. Har yau in na tuna yaron nan sai in nema masa alheri a wurin Allah. Za ki haɗu da irina da yawa. Wanda ya zo yana zazzaga miki masifa, sau da yawa wata tambaya kika yi masa da ba shi da amsarta. Ki bar shi ya huce, ki sake tambayar ta wata hanyar.

Na bi sauran tsofaffin unguwa. Wata ta ce Usmanu ne, wani ya rantse Haruna ne, wata kuma ta ce ita dai tun yana zanin goyo Namalam ta sani. Ba yadda na iya, na nufi Inna. Na same ta da la'asar tana tsinke zogale a faifai.

"Inna, mene ne sunan yankan Yaya?"

Ta dube ni kamar na ce ta fita kasuwa ba mayafi. "Asabe, ashe bokon naki har ya kai nan?"

A nan ne na yi abin da bai kamata ba. Na ce, "Inna, kunya ce za ta dawo mana da shi? Suna ne fa kawai." Ta ajiye faifan a hankali, ta shige ɗaka, ta saki labule. Kwanaki ina zuwa gaishe ta tana amsawa a taƙaice kamar baƙuwa. Ni na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. Ban gane ba a lokacin cewa rashin kiran sunan shi ne abu ɗaya da ya rage tana yi masa kullum, tun da ba ta da halin dafa masa abinci ko wanke masa riga.

Ita ce ta nemo mana mafita, ba ni mai takardar shaidar malanta ba. Wata rana ina share mata tsakar gida ta ce, "Ke malamar makaranta, har yanzu kina iya jero sunayen annabawa yadda yara ke yi, ko boko ya cinye?" Na ce ina iyawa mana. Ta ce to ta ji. Na jingine tsintsiya na fara, Adamu, Idrisu, Nuhu, Hudu, Salihu, ina yi ina rera shi kamar yadda muke yi muna yara. Tana zaune ido a ƙasa, tana murza bakin zaninta. Na wuce Yusufu, na wuce Ayuba. Da na ce Shu'aibu sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

"Ya isa," in ji ta daga cikin mayafin. "Tashi ki duba mini tukunya."

Ba komai a kan wuta ranar. Na shiga madafa na tsaya ina maimaita sunan a hankali, ina jin sa baƙo a bakina, kamar na sa takalmin wani.

To ki riƙe wannan da kyau. Za a zo miki da macen da ba za ta iya faɗar sunan mijinta ba, da uwar da ba za ta iya faɗar na ɗanta ba, ga layi a bayansu, ga kwamfuta tana jira. Kada ki ce, Mama, yi sauri mana. Ki dubi wanda ya rako ta ki tambaye shi. In ba ta da ɗan rakiya, ki miƙa mata takarda, in ba ta rubutu ki jero mata sunaye a hankali ki lura da fuskarta. Kwamfuta ba ta san kunya ba, amma ke a gidan da aka san ta kika tashi.

Da na samu suna sai na ɗauka an gama. Ashe an fara ne. Na koyi cewa neman mutum a hukuma hawa-hawa ne kamar tsani. Mai unguwa ne ya san wanda ya kwana a unguwarsa, shi zai ba ki 'yar takarda zuwa wurin hakimi, daga nan a sa hannu ki wuce sakatariya. Na koyi cewa wanda ya taɓa neman aikin kamfani wataƙila ya yi rantsuwar shekaru a kotu, wanda ya taɓa kwanciya yana da kati a asibiti, wanda ya sayi fili sunansa yana ofishin filaye. Na kuma koyi cewa ƙananan hukumomi suna haihuwa kamar mutane, in aka raba su sai a raba takardu, a ce miki wannan ai ya koma Tafa, ki je can a ce miki a'a, na shekarun nan ba a kawo ba. Kam tumoro kuwa, wato dawo gobe, na sha shi har na ƙoshi. Abbanku yakan ce, "Asabe, da gwamnati na da kara da ta ba ki kujera a sakatariyar nan, kin fi wasu ma'aikatan zuwa."

Amma kada in yi miki ƙarya, ba duka wahala ba ce. Akwai wani daɗi a ciki da ban taɓa gaya wa kowa ba. In na shiga motar Madalla da damina, duwatsu sun yi kore, gajimare ya sauko ya zauna a kan dutsen Zuma, sai in jingina kai da gilashi in yi ta ƙera masa rayuwa. Yau direba ne, yana da furfura a gemu. Gobe mai shago ne a wani gari mai kogi, da 'ya'ya mata masu wushirya irin ta Inna. Wani lokaci har faɗa nake yi masa a raina, yana sunkuyar da kai yana murmushi. Akwai wani ofishi da aka taɓa barina na leƙa ɗakin ajiyar takardu, fayil a kan fayil har rufi, an ɗaure su da igiya, ga ƙanshin tsohuwar takarda da ƙura. Na zauna a benci ina jiran mai makulli ya gama salla, gyangyaɗi ya ɗauke ni. Na ga igiyoyin suna kwancewa da kansu, mutane suna fitowa daga cikin fayilolin suna karkaɗe riguna, tsofaffin garin nan duka, masu tukwane da maƙera da 'yan koli, suna gaisawa suna tambayar juna iyali. Ina ta leƙa bayansu ko zan hango shi. Mai makulli ne ya tashe ni, ya ce an duba, ba a gani ba.

Wani abin da na yi ta jin haushinsa a lokacin shi ne ƙofofin da aka ƙi buɗe mini. A wani asibiti matar da ke ɗakin kati ta ce mini ba a buɗe wa kowa katin wani, ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne, sai da takardar hukuma. Na fita ina cewa a raina wannan ba ta da imani. Ba a daɗe ba, a wani ofishin, na tsaya a layi bayan wani mutum mai fara'a da farar riga, yana neman a gaya masa unguwar da wata mata ta koma, wai ƙanwarsa ce. Bakinsa ya fi nawa daɗi, labarinsa ya fi nawa tsari. Aka hana shi. Bayan ya fita na ji ma'aikatan suna cewa tsohuwar matarsa ce, da ƙyar ta tsira da ranta daga hannunsa. Da ni ce a kujerar, da na ba shi. Abin da doka ta ce na kowa ne, ki nuna wa kowa ba tare da jan rai ba. Abin da ta ce a rufe, ki rufe, ko da mai nema ya yi kuka, ko da ya yi kama da ni. Ki nuna masa hanyar mai unguwa da ta kotu, mai gaskiya ba ya ƙin bin su.

Yanzu zan zo kan wanda ya fi yi mini ciwo. Kin san kafin zaɓe akan liƙa sunayen masu rajista a bangon makarantun firamare, kowane suna da ɗan hotonsa, don mutane su duba nasu. Wannan na kowa ne, ba mai hana ki. Ni kuwa ya zame mini kamar idi. Na gama bangayen Suleja, na yi na Madalla, na yi na Tafa, ina bin fuskoki da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. A Diko na gan shi. Shu'aibu, ga sunan Baba a gaba, ga shekaru sun yi daidai, ga goshi irin na gidanmu. Na dafa bango na sake karanta sunan.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. In nemi mai unguwar wurin, in gaishe shi, in ce ga abin da ke tafe da ni, ya bincika mini a hankali. Ban yi ba. Motar gida na hau, ban ko cire takalmi ba na faɗa ɗakin Inna na ce, "Inna, na gan shi! Yana Diko!" Ta ci gaba da abin da take yi. Amma da na biyo da safe zan tafi, na tarar ta share shagon zaure da ya daɗe a rufe, ta aika an sayo sabuwar tabarma, ta jiƙa gero da tsamiya. Kunun tsamiya shi ne abin da ya fi so.

Na je Diko, na yi tambaya a tasha, aka nuna mini gidan wani mai sayar da doya. Na yi sallama na kutsa kai har tsakar gida, ina kiran Yaya, Yaya, hawaye shaɓe-shaɓe. Mutumin ya miƙe daga kan turmin da yake zaune. Sai wata tsohuwa ta fito daga ɗaki tana dogara sanda, ta saurari labarina har ƙarshe, sannan ta kama hannuna.

"'Yata, ni na haife shi," in ji ta. "A gaban idona ya girma, bai taɓa kwana nesa da ni ba. Zauna ki sha ruwa."

Na sha ruwan. Da zan fita mutumin ya rako ni har bakin titi, ya ce, "Hajiya, wallahi da ni ne da na bi ki yanzun nan." Na san da gaske yake.

Ban taɓa ganin hanya mai tsawo irin ta Diko zuwa Suleja a ranar ba. Na tarar da Inna a zaure a kan sabuwar tabarma, ta sa zaninta na Juma'a. Ta dube ni, ta dubi bayana, ta ga ba kowa. Ta ce, "Sannu da hanya. Zo ki sha kunu tun bai huce ba." Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Na gwammace a ce mari ta yi mini.

Kama da wane ba ta wane, Nafisa. Takarda suna take nunawa da ɗan hoto, ba ta san wanda ya haifi wa ba. Kada ki ba mutum albishir sai kin tabbata, kuma ko kin tabbata ki ba shi a hankali. Haka nan kada ki yanke masa ƙauna. In kin duba ba ki gani ba, ki ce ba mu gani a nan ba. Kada ki ce babu shi. Ke a wurinki duk ɗaya ne, shi kuwa da wannan 'yar maganar zai hau mota ya koma gida.

Ke ma kuma ki bar sawu a inda kika je. Ki sa mai gidan da za ki zauna ya kai ki ki gaida mai unguwa. Ki gaya wa maƙwabta sunanki na yanka da na gida da sunan garinku. In za ki yi tafiya ko ta yini ce, ki gaya wa wani inda kika nufa. Ki kira ni ko ba ki da labari, ni jin numfashinki ma labari ne. Ki ci abinci, kada ki zauna da shayi da burodi kamar yadda kika saba.

Tun daga Diko na daina bin ofisoshi, amma ban daina lissafi a raina ba. Zamanin nan ba wanda yake tsere wa tebur. Mai son layin waya sai ya je, mai son ajiya a banki sai ya je, mai niyyar Makka sai ya je. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. In yana raye, wata rana zai tsaya a gaban wani tebur ya faɗi sunansa. Na san hankali ba zai ɗauka ba a ce cikin duk teburan ƙasar nan naki zai zo, don kawai wani falke ya taɓa cewa ya ga mai kama da shi a wajen. Abbanku ma ya gaya mini haka. Na ce masa na ji, amma ni uwa ce kuma ƙanwa, ba alƙali ba.

Ga abin da za ki duba. Ƙaramin yatsansa na hannun hagu a lanƙwashe yake, ba ya miƙewa. Ina rarrafe na zura hannu a turmi Inna tana daka, shi ya fizge hannuna, taɓaryar ta sauka a kan nasa. An ce in za a yi wa mutum rajista sai ya ɗora yatsunsa duka a kan gilashi. To ki riƙa ɗaga kai daga kwamfutar nan kina duban hannun dattawa. In kin gani, kada ki yi irin tawa. Kada ki yi ihu, kada ki kira kowa tukuna. Ki gama masa aikinsa tsaf, ki ba shi wurin zama, ki tambaye shi ko ya san Suleja.

Saƙon da za ki ba shi kuma ba nawa ba ne. Jiya da na je gaida Inna na same ta tana shan hantsi a bakin ɗakinta. Na gaya mata jibi za ki tafi, na gaya mata irin aikin da aka ba ki. Sai ta ce, "Kowa da kowa ke zuwa wurin?"

Na ce, "Kowa, Inna."

"Har tsofaffi?"

"Har tsofaffi."

Ta daɗe tana kallon ƙofar zaure. Sannan ta ce, da muryarta ta kullum, ba mayafi a fuska, ba kewaye-kewaye, "To ki gaya wa yarinyar nan, in Shu'aibu ya zo, kada ta yi masa faɗa. Ta ce masa ban ƙaura ba."

Tun da nake a duniya ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai jiya. Sai a lokacin na gane abin da ya sa duk shekarun nan muna roƙonta ta dawo gidanmu, ga ɗaki ga famfo, take cewa ita ta saba da tsohon gida. Na kuma gane cewa macen da ta riƙe kunya tsawon rayuwarta ba ta sake ta haka kawai, sai in ta ga rana ta yi nisa. Don haka ki duba da kyau, 'yata, kuma ki fara tun ranar farko.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa ki gama lafiya ki dawo mana lafiya. Allah Ya sa hannunki ya zama sanadin farin cikin mutane, Ya kare ki daga zaluntar kowa ko da da kalma ce. Allah Ya mayar da kowane matafiyi gidansu, na kusa da na nesa, tun da sauran masu jiransa. Amin.

Ki gaida mutanen gidan da za su karɓe ki, ki ce uwarki ta gode tun kafin ta san su.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Asabe.